Leda Uku a Allo

Ranar da ya fara ganinta, faɗa take yi da kwamfuta. Tana zaune a tagar ɗakin ajiyar jini na asibitin, layin mutane ya kai bakin matakala, allon kuwa ya ƙi buɗewa.

"Kai ne injiniyan da aka ce zai zo tun shekaranjiya?" ta ce. "Sannu da sauri."

Ya yi dariya ya ja kujera. Ya ce mata duk lokacin da ta tambayi yawan jinin da ya rage, sai rumbun bayanai ya bi jerin masu bayarwa da na gwaji da na waɗanda aka ƙara wa, ya harhaɗa su tun daga farko.

"Zan sa ya riƙa ajiye amsar a gefe. In kin tambaya, ya miƙo miki ajiyayyiyar. Duk bayan awa shida sai ya sabunta."

Ƙarshen maganar bai shiga kunnenta ba, don allon ya buɗe kafin ta ɗauke yatsa. Tun daga nan ta raɗa masa Sarkin Sauri, shi kuma yake kiranta 'Yar Taga. Kwamfuta ta warke sarai, amma injiniya bai fasa zuwa dubiya ba, har abokiyar aikinta ta tambaya ko ciwon ya koma jikin mai gyaran ne.

Babanta, tsohon direban bas, ya karɓe shi hannu biyu. Umma ce ta ɗan ja baya.

"Yaron da ko ruwa a tsaye yake sha?"

"Bar shi, zai nutsu," in ji Baba.

Wata Talata, ƙarfe sha ɗaya, shigar 'Yar Taga aiki ke nan, Umma ta kira tana kuka. Baba na aman jini, za su kai shi asibitin da ke kusa da gida. Irin jininsa yana da wuyar samu, don haka ta duba allo. Ledar jini uku. Firij ɗin taku goma ne a bayanta, amma wata takwas allon bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Ku kawo shi nan, Umma, muna da jininsa."

Sai da suka ci tafiyar minti arba'in ta buɗe firij ta tarar babu. Kafin a samo mai bayarwa, Baba ya cika. Da ta koma ta duba allon, sifili ta gani.

Injiniya ya buɗe tarihin rumbun. Ɗakin tiyata sun ɗauke jinin tun ƙarfe bakwai, amsar da ta gani kuwa ta ƙarfe shida ce, sai sha biyu ta sabunta. Ya gyara nan take, ta yadda duk ledar da ta fita za ta goge ajiyayyiyar amsa. Aikin minti biyar ne. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma ya ja bakinsa ya yi shiru, saboda yana tsoron rasa ta.

Bayan sati uku saƙonta ya shigo: "Sarki, na kasa cin abinci. Layin wani jinin na karanta, na sani. Da idona na kashe Baba."

Ya karanta ya fi sau goma. Ya rubuta mata: "Idonki lafiyarsa ƙalau, 'Yar Taga. Ki ce wa Umma ina tafe gobe da hantsi."

A falo ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ko kalma ba.

"Uku ta gani, Umma, don uku na bari a allon. Ni na zaɓi awa shida, don a ce na iya aiki."

'Yar Taga ta rushe da kuka.

"Sati uku kana kallona ina ramewa?"

"Na ji tsoro ne."

"Tashi ka fita, ka bar mini 'yata," in ji Umma, ko kallonsa ba ta yi ba.

Wata biyar suka wuce. Saƙo ɗaya ya tura: "Ba zan dame ki ba. Ki dai ci abinci." Ba ta amsa ba, amma ba ta goge ba. Tana jin haushinsa, tana kuma kewarsa, duka biyun suna cin ta.

Wata safiya 'Yar Taga ta tarar Umma ta jera kofi biyu a tire, ɗaya ba sukari, yadda Baba yake sha. Umma ta tsaya tana kallon kofin har shayin ya huce.

"Kullum sai na haɗa masa," ta ce a hankali. "Hannuna bai samu labari ba har yau." Ta share ido da bakin mayafi. "Da yaron nan ya yi shiru, da kin mutu da laifin da ba naki ba. Ya san zai rasa ki, ya zo ya faɗa. Kira mini shi."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Da za su tafi, ya durƙusa gaban Umma. Ta miƙa masa kofin Baba da shayi a ciki.

"Zauna ka shanye, ba a tsaye ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Ya zauna. Bai taɓa daɗewa a kan kofi ɗaya kamar ranar ba, amarya tana gefensa tana jira.