Gahawar da Ejvind Bai Sha Ba

Da hantsi ranar Asabar aka buga waya ofishin 'yan sanda cewa wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a gonar sha'ir, bayan filin ƙungiyar masu shawagi da ke yammacin Jutland. Kafin Sufeto Bodil Skovgaard ta isa, ma'aikatan asibiti sun riga sun lulluɓe gawar.

Ejvind Kragelund ne, tsohon malamin makaranta, ya haura saba'in. Jirgin da ya faɗi da shi nasa ne, da katako da yadi da gam suka ƙera shi, shi da amininsa Torkild kafinta, shekara da shekaru suna abu ɗaya. A gefen hancin jirgin an rubuta Asta, sunan matarsa marigayiya.

"Tsoho da jirgin katako," in ji Sajan Kresten yana girgiza kai. "Hatsari ne, Sufeto."

"Dubi farfelar."

Kunne ɗaya ya karye, ɗayan ko ƙwarzane babu.

"Da injin na juyawa lokacin da ya taɓa ƙasa, da ta yi ratata," ta ce. "A sama injin ya mutu. Ga tanki kuwa cike da mai."

Ta leƙa ƙarƙashin kujera ta jawo filas. Cike yake taf, gahawar da sauran zafinta. Kusa da shi ga baƙin burodi da cuku, ba a kwance takardarsa ba.

A ɗakin hutun ƙungiyar ta sami shugabarsu, Gunhild, dattijuwa mai kakkausar murya. Tana ganin filas ɗin ta zauna.

"Bai sha ba ke nan," ta ce a hankali.

"Da ya saba sha?"

"Kowa a filin nan ya sani. Ejvind ba ya tashi sai ya ɗumama inji sosai. Ya zauna a ciki inji na ƙugi, ya zuba gahawa a murfin filas, ya ci burodinsa tsaf, sannan ya motsa. Har tsiya muke masa, mu ce, malam, jirgi ka ƙera ko teburin mai shayi? Ya ce mu ci gaba da gaggawa, shi zai zo jana'izarmu."

Ta yi ɗan murmushi, murmushin bai daɗe ba.

"Yau fa?"

"Yau yana tayarwa ya wuce. Rumfar jiragen ai ga ta nan a bakin filin. Kafin in ajiye kofina ya ɗaga. Ya kai saitin itatuwan can, sai na ji shiru."

"Wa da wa ke nan lokacin da ya tashi?"

"Ni da Torkild. Bawan Allah, har bin jirgin ya yi da gudu yana ɗaga masa hannuwa. Mutumin da gwiwa ta hana shi hawan bene!"

Da Sufeto ta fito, ta ga ƙarfen da ake jan jirgi da shi yashe a cikin ciyawa, nesa da ƙugiyarsa da ke bangon rumfa. Ta daɗe tana kallonsa.

Torkild na zaune a kan wata tsohuwar taya, hularsa a hannu. Dogo ne, yatsunsa duk tabon kurfi da zarto.

"Yaushe rabonka da taɓa jirgin?"

"Tun makon jiya."

"Lafiyarsa lau?"

"Ƙalau. Ni na yanka kowane katako da ke jikinsa."

"Shi Ejvind ɗin fa?"

Ya juya hular. "Garau yake."

"An ce ka bi shi da gudu."

"Bankwana nake masa, Sufeto. Laifi ne?"

"A'a," ta ce. "Sannu da rashi."

Da yamma ta je gidan marigayin. 'Yarsa Solvej, ma'aikaciyar jinya, ita ta buɗe ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Babanki na fama da wani ciwo?"

"Babu. Ko mura ba ya yi."

Sufeto ta dubi teburin kicin. Faranti biyu, kofi biyu. An ci a ɗaya. A ɗayan an shafa wa burodi man shanu, an yanka shi gida huɗu, ya bushe a wurin.

"Tare kuka karya?"

"Ni a garin Herning nake zaune."

"To, na waye wannan?"

Solvej ta jingina da bango. Sufeto ba ta matsa mata ba, ta ja kujera ta zauna ta jira.

"Na Mama ne," ta ce daga ƙarshe. "Haka take son a yanka mata. Shekara huɗu da rasuwarta. Tun lokacin sanyi yake dafa mata abinci, ya buga mini waya yana faɗa wai ta yi dare a kasuwa. Wata rana ras yake, har ya gyara mini lissafi. Wata rana ya ɓata a hanyar coci."

"Me ya hana ki gaya wa likitan da ke sabunta masa lasin tuƙa jirgi?"

"In kai ƙarar ubana? Jirgin nan kaɗai ya rage masa. Na ce masa, Baba, ka huta haka nan, ya kore ni daga gidan. Sai na je wurin Kawu Torkild, na yi masa kuka."

"Me ya ce?"

"Ya ce, ki bar mini, Solvej. Ba zai tashi ba, kuma ba zai ji kunya ba."

Ranar Litinin injiniyan binciken hatsari ya gama kwance injin. Sajan Kresten ya shigo ofis da 'yar leda, ya ajiye a gaban Sufeto. A ciki akwai guntun katako bai kai ɗan yatsa ba, an fiƙe shi sumul, an goge.

"A cikin tiyon mai aka same shi, daidai inda ya fito daga tanki. Ya toshe shi ruf."

"To da me jirgin ya tashi?"

"Injiniya ya ce da ɗan man da ya rage a tiyo da kafireto. Ya isa a tayar, a yi gudu, a ɗan ɗaga sama. Da ya tsaya ɗumama inji, da a ƙasa zai mutu masa." Sajan ya sosa ƙeya. "Na janye maganata ta hatsari. Amma aikin da kyau, Sufeto. Ko maɓallin riga ba a gogewa haka."

Sun sami Torkild a shagonsa, yana share garin katako a inda babu sauran abin sharewa. Sufeto ta ɗora ledar a kan bencin aikinsa.

"Irin katakon fikafikan Asta ne," ta ce.

"Kowa na iya tsintar guntu."

"Kowa ba ya iya fiƙe shi haka. Amma bar wannan. Gaya mini, me ake yi da ƙarfen jan jirgi?"

"A mayar da jirgi rumfa."

"In ya dawo. Kai kuwa ka ɗauko shi tun jirgin bai tashi ba. Ta yaya ka san za a bukace shi?"

Tsintsiyar ta tsaya. Torkild ya jingina ta da bango a hankali, kamar mai gudun kada ta ji ciwo, ya zauna.

"Makon jiya na bi shi a kujerar baya," ya ce. "Muna sama ya juyo ya tambaye ni ina filin yake. Filin da ya yi shekara talatin yana sauka. Ni na saukar da mu. Da muka fito na ce, Ejvind, ya isa. Ya ce, kai tsohon jaki, kishi kake don ka fi ni tsoro. Washegari ya manta ma an yi."

"Sai ka toshe tiyon."

"Ranar Juma'a. Na san halinsa. Zai zauna, ya zuba gahawa, kafin ya gama burodi injin ya mutu. In zo in ce kash, kafireto ne, mu ja shi ciki. In ce ana jiran kaya daga Jamus. Wata ya wuce, wani ya zo, sanyi ya shigo. Ya ci gaba da zama matuƙi a idon kowa, yana zuwa yana goge jirginsa yana zagina. Ba wanda zai karɓe masa komai."

"Ba ka yi tunanin zai iya tsallake gahawar ba?"

Torkild ya ɗago kai. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Tun muna samari bai taɓa tsallakewa ba. Na yi lissafin mai, na yi lissafin tiyo. Mantuwar da na yi abin nan dominta, ita ce ban sa a lissafi ba."

Sajan Kresten ya juya yana kallon taga.

"Torkild," in ji Sufeto, "na kama ka bisa zargin jawo mutuwar Ejvind Kragelund. Sauran bayani sai a ofis, da lauyanka."

"Solvej ba ta san komai ba."

"Na yarda."

Sajan ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ta girgiza masa kai. Torkild ya cire rigar aikinsa ya rataye, ya kashe fitila, ya kulle shagon da kansa ya miƙa mata makullin.

Hanyar ofis ta bi ta gefen filin jiragen. Iska na kaɗa sha'ir, an riga an kwashe tarkacen, sai gurbin da ya kwanta a tsakiyar gona. Torkild ya manna goshinsa da gilashin mota.

"Sufeto, ya gan ni fa. Ina gudu ina ihu ya tsaya, ya tsaya. Ya leƙo ya gan ni."

"Sai me?"

"Sai ya yi dariya," in ji Torkild. "Ya ɗago mini hannu."