Tabon da Inno Ba Ta Taɓa Gani Ba

Hantsi ya ɗaga a Wagini, dawa ta fitar da kai a bayan danga. Hansai na zaune a inuwar rumbu tana ɓarar wake da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan cikinta mai wata takwas da 'yan kwanaki. Waken dai suna ne kawai. Hankalinta ya tafi inda ya saba zuwa a 'yan kwanakin nan, wajen wata 'yar yarinya mai kumatu da take gani tana tatata a tsakar gidan, tana bin kaji, ta faɗi ta tashi tana dariya.

Mijinta Armaya'u, baduku, ya shigo daga rumfarsa da warin fata a rigarsa, ya tsaya yana kallonta.

"Har kin isa Katsina tun ban nemo mota ba?"

"Kai, Malam! Ka firgita ni."

Ya durƙusa kusa da ita, ya zaro wata 'yar jaka da ya ɗinka da jar fata, ya fito da kati. Jiya ya kai wa malamin disfensare na Safana ya karanta masa. Saura kwana goma sha biyu ranar da likita ya sa.

Wannan kati yana da tarihi mai ɗaci. Zamanin Turawa ne, mota ba ta bin hanyar nan sai ranar kasuwa. Shekara biyu da suka wuce Hansai ta kwana uku tana naƙudar fari a hannun surukarta Inno, mahaifiyar Armaya'u, wadda ita ce ungozomar garin. Aka sha rubutu, aka sha jiƙe-jiƙe, shiru. Sai a rana ta huɗu aka ɗora ta a amalanke zuwa Batsari, daga nan babbar mota ta kai ta asibitin birni ba ta san inda kanta yake ba. Aka yi mata tiyata a gaggauce, aka fito da ɗa namiji babu rai. Ta yi mako shida a gado, zazzaɓi na kai da kawo, ɗinkin na ruwa. Daga can aka wuce da ita gidan iyayenta a Safana, wata huɗu cur kafin ta iya ɗaga tulu. Likita ya ce ƙugunta matsattse ne, in Allah ya sake ba ta ciki kada a jira naƙuda, a kawo ta da ƙafarta.

"Mene ne wannan kake ɓoyewa?"

Inno ce tsaye a bakin ɗakinta. Hansai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi.

"Inna, katin asibiti ne. Dama ina so in same ki. Likita ya sa rana —"

"Rana! Haihuwa ake sa wa rana kamar biki? Ni da na yanke cibiyar rabin garin ga, a ce matar ɗana ta tahi a tsaga ta tana lahiya lau, ko ciwon baya ba ta fara ba? Wancan karon ƙaddara ce. Wanga karon rashin tawakkali ne!"

"Inna, ki dubi sana'ata. Fatar da na yanka da wuƙa a natse, ɗinkinta lafiya yake kamawa. Wadda ta yage da kanta kuwa, sai faci a kan faci."

"To matar taka fatar akuya ce?" Inno ta ɗaga yatsa. "Armaya'u, in ka fitar da yarinyar ga daga gidan nan ba naƙuda, ban yahe maka nonon da ka sha ba!"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana, ba a tsallake ta a kwana lafiya.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Armaya'u ya aika kawunsa, Inno ta ba shi fura ta sallame shi. Ya aika limamin unguwa, ta gaishe shi da ladabi ta ce ta ji, ba ta kuwa ji ba. Bawan Allah ya rame, ya zauna a rumfa da basilla a hannu har azahar bai huda ko sau ɗaya ba. Wata yamma ya sami Hansai a gindin tsamiyar bayan gida, idonsa jawur.

"Ranar kasuwa zan ɗauke ki. Abin da zai same ni ya same ni."

"A'a, Malam. Ba zan haifa maka ɗa a kan bakin uwa ba."

"In na rasa ki fa? Na taɓa tsayawa a bakin ƙofar asibitin nan kwana huɗu ban san ko mai mata ne ni ko gwauro ba. Wallahi ba zan iya sakewa ba, Hansai."

Ta ji sonsa ya cika mata ƙirji. Tsoro kuma yana nan, tsoro sosai, don ta san abin da ke jiran ta in naƙuda ta riga su. Ta share masa hawaye da gefen mayafinta, ta ce ya ba ta kwana ɗaya.

Shekara huɗu Hansai na gidan nan, ba ta taɓa yi wa Inno maganar da ta wuce gaisuwa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba. Kunyar suruka ke nan. Saboda kunyar nan ne ma, da kuma jinyar da aka yi a Safana, Inno ba ta taɓa ganin inda wuƙar likita ta bi ba. Washegari bayan azahar Hansai ta yi sallama a ɗakin tsohuwar, ta durƙusa da ƙyar.

"Inna, ki gafarce ni. Ba wajen suruka na zo ba yau, wajen ungozoma na zo. Ki duba ni, abin da kika ce shi za a yi."

Ta kwance zane.

Inno ta kawar da kai. Amma hannun da ya shekara talatin yana taɓa cikin mata ba ya jin umarnin mai shi. Ya miƙa da kansa, ya bi tabon daga ƙasan cibiya zuwa mara, dogo, mai faɗi, a karkace inda ya taɓa ruɓewa. Ciki ya ja shi har yana ƙyalli, ya yi siriri kamar ɓawon albasa. A daidai nan abin da ke ciki ya yi shuri, tsohuwar ta ji 'yar ƙafa a tafin hannunta.

Can ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Wanga wuri ba ya ɗaukar yunƙuri. Ko ɗaya ba ya ɗauka." Ta ɗaura wa Hansai zanen da hannunta, ta ɗaga murya: "Armaya'u! Ina kake? Ka nemo motar. Da ni za a tahi!"

Tafiyar ta zame wa Hansai kamar mafarki. Duwatsun Batsari suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya, gonakin gero suna kaɗawa, kanta a kafaɗar Inno, abin da ba ta taɓa zaton zai faru ba a duniya. Kwana biyu ta huta a asibiti, ta ci, ta yi barci. Ran na uku da safe ta taka da ƙafarta zuwa ɗakin tiyata. Aka ɗora mata wani ƙyalle mai wari a hanci, sai ta ga kanta a gefen rafin Safana tana yarinya, ruwa na wucewa ta kan ƙafafunta, wani yana kiran sunanta daga nesa. Da ta buɗe ido, kuka ta fara ji, ƙarami, mai kaifi. Mace ce.

Kada a yi ƙarya, ciwo yana nan. In ta yi tari sai ta riƙe ciki, in Armaya'u ya ba ta dariya sai ta harare shi. Amma kwana biyu ta zauna ta ba da nono, a na uku ta miƙe tana dafa gado.

"Nas, anya aikin nan irin na wancan karon ne?" ta tambayi Talatu, ma'aikaciyar da ke sauya mata bandeji.

"Shi ne mana! Wancan karon naƙuda ta cinye ƙarfinki kwana uku kafin ki zo, jini ya tafi, zazzaɓi ya shiga. Yanzu kuwa da ƙarfinki kika kwanta, likita ma bai yi sauri ba."

Inno na gefe da jaririya a cinya, ba ta ɗaga kai ba, amma ta ji.

Da suka koma Wagini, matan unguwa suka taru da tukunyar ruwa tana tafasa da ganyen runhu, za a fara wankan jego yadda aka gada, a tsoma ganye a fyaɗa wa mai jego har fata ta yi ja. Inno ta tare ƙofa.

"A surka ruwan. Ba mai fyaɗa mata komi a ciki."

"Inno, ke ce yau da wannan magana?"

"Ni ce. Wadda ta fi ni sanin aikin ta matso."

Ba wadda ta matsa. Ita da kanta ta gwada ruwan da gwiwar hannu, ta shiga da Hansai bayan ɗaki, tana zuba mata a kafaɗa sannu-sannu. Sai Hansai ta ji hannun ya tsaya.

"Ɗiyata, wancan yaron... ni na riƙe ki kwana uku, don kada a ce Inno ta kasa. Shekara biyu ina cewa ƙaddara, ban taɓa iya duban idonki ba. Ki yahe mini."

"Na yafe, Inna. Tun ina gadon asibiti na yafe."

Suka yi kuka tare har ruwan ya huce. Haƙurin Hansai da ladabinta sun yi abin da gardama ta kasa, sun kuɓutar da ranta ba tare da mijinta ya saɓa wa mahaifiyarsa ba. Neman magani da wuri kuwa ba ya rage wa mutum tawakkali. Daga cikin ɗaki jaririya ta tsala kuka, suka ji Armaya'u yana rarrashinta da muryar da ba ta iya waƙa ba, yana kiran a zo a taimake shi.