Kowa Na Ciwo Banda Amarya

"Ajiye shi nan, kar ki shigo!"

Amarya ta tsaya cak a bakin ƙofar ɗakin Mama, kofin shayi na tiriri a hannunta. Yaya ce ta yi maganar, babbar yayar mijinta, tana zaune a gefen gado tana danna wa tsohuwar tsumma mai sanyi a goshi. Ko kallon ƙofar ba ta yi ba.

"Yaya, Mama ce ta ce in haɗa mata..."

"Na ce ki ajiye! Ko kurma ce ke?"

Ta durƙusa ta ajiye kofin a ƙasa, ta juya idonta fal da hawaye. A bayan ɗakin janareta yana ta ruri, a falon gaba kekunan ɗinkin Yaya suna amsa masa, amma duk wannan ƙarar ba ta hana ta jin abin da aka faɗa ƙasa-ƙasa ba.

"Mai farar ƙafa kawai."

Wata uku ke nan da aurenta da Auta, ɗan Mama na ƙarshe, direban motar wani kamfani. A kantin littattafan da take aiki suka haɗu. Ya shigo fakewa ruwan sama, ya tarar da ita ta dulmiya cikin wani ƙaton littafi har ba ta ji sallamarsa ba, tun daga ranar ya laƙaba mata Farfesa. Da maganar aure ta taso, babu wanda ya kai Yaya murna. Ita ta tsaya a kan magina har aka tayar musu ɗaki da falo a filin bayan gida, aka gama fenti ana gobe tarewa.

To, a satin da Amarya ta tare Mama ta fara ciwon kai. Daga nan sai jiri, sai amai, sai barcin rana mai nauyi wanda sai an jijjiga ta. Yaya ma ta fara, matan nan biyu da ke mata ɗinki su ma kullum hannu a ka. An sha maganin zazzaɓi, an auna jini, ba a ga komai ba. Amarya kuwa garau! Ta fita kanti da safe, ta dawo da yamma fuska shar. Kun dai san halin mutane, ba a daɗe ba lafiyar tata ta zama laifi.

Da yamma Auta ya dawo ya same ta zaune a bakin gado, ko mayafin aiki ba ta cire ba.

"Farfesa, yau kuma wane littafin ne ya sa ki kuka?"

"Ba littafi ba ne. Ka san abin da ake ce mini a gidan nan?"

Ya yi shiru yana kwance igiyar takalmi. Wannan shirun ya fi maganar Yaya yi mata ciwo, don ya nuna ya sani.

"Ka yarda ke nan?"

"Haba, wa ya ce na yarda? Sai dai..." Ya sosa ƙeya. "Abin ne da ɗaure kai. Kowa na ciwo banda ke."

"Banda ni da kai. Kai ma ai lafiyarka ƙalau."

"Yaya cewa ta yi ni kin ware ni ne."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Wallahi da zagin ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ana cikin haka jikin Mama ya rikice aka kai ta asibiti. Kwana biyu kacal ta warware, har tana tsokanar masu jinya tana cewa sun fi ta kama da marasa lafiya. Aka dawo da ita gida, kwana ɗaya, ciwon ya dawo sabo fil. Faɗuwa ta zo wa Yaya daidai da zama. Ta tara su a falo, ta tsaya hannu a ƙugu.

"Auta, ka gani da idonka. An nisanta ta da matarka ta miƙe, an dawo da ita ta kwanta. Me kake jira, gawa? Uwa ɗaya gare ka. Ka zaɓa!"

"Yaya, ki ji tsoron Allah," in ji Amarya. "Me Mama ta yi mini da zan cuce ta?"

"Ni na ce kin yi da gangan? Wani jinin haka yake, duk inda ya shiga sai an yi kuka."

Amarya ta juya wajen Mama tana neman ceto. Tsohuwar nan da ke kiranta 'yata, ta kawar da kai ta kalli bango. Auta ya yi magana yana murza makullin mota a hannu, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Ki je gida ki ɗan huta. Ba saki ba ne, wallahi ba saki ba ne. Mu dai ga yadda jikin zai yi."

Ba ta yi gardama ba. Ta haɗa kaya a akwati ɗaya, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Mama, Allah ya ƙara sauƙi," ta fita. Mahaifinta ya so ya je ya ji ba'asi, ta riƙe shi tana kuka, ta ce ya bari, gaskiya ba ta kwana a rami.

Kwana tara tana gida. Kullum ta je kanti, ta share ƙura, ta zauna bayan kanta da waya a gefe tana jira. Tana tsoron ta ji Mama ta warke, don shi ke nan ta tabbata mai farar ƙafa, aurenta ya mutu. Tana kuma jin kunyar wannan tsoron, don tana son tsohuwar har ranta.

Ran na goma da hantsi, babu masu saye, ta jawo wani littafi kan tarihin cututtuka don ta kori tunani. Ta faɗa kan labarin wata annoba da ta riƙa kwasar mutane a wata unguwa, kowa na ɗora laifi a kan abin da ya riga ya tsana. Sai wani likita ya bi gida-gida da tambaya biyu. Waɗanda suka kamu, me ya haɗa su? Waɗanda ba su kamu ba, me ya raba su da sauran? A ƙarshe ya gano ruwa ɗaya marasa lafiyar ke sha. Marubucin ya ƙara da cewa don abu biyu sun zo tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba, sai a duba ko akwai na uku da ya zo tare da su.

Ta ajiye littafin. Ita da Auta ba sa ciwo. Me ya raba su da sauran? Ba sa yini a gidan! Ta kira shi nan take.

"Yaya jikin Mama? Don Allah ka faɗa mini gaskiya."

Ya ja numfashi. "Ya ƙaru. Jiya ma ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Yaya ta ce kin binne wani abu kafin ki tafi, har ta sa an tone bakin ƙofarmu."

"In ina nan ni ce, in ba na nan ma ni ce. To ji, a kwana taran nan babu ranar da ta ji dama?"

"Akwai. Ranar hutun masu ɗinki ta tashi har ta yi wanka da kanta. Sai wasu kwana biyu da wuta ta zauna ba a ɗauke ba."

"Ranakun da ba a kunna janareta ba ke nan. Kafin a gina ɗakinmu, ina yake zama?"

"Inda yake yanzu mana, bayan ɗakin Mama. Da can fili ne, bangonmu ne ya mai da wurin lungu. Yaya ta sa aka rufa kwano a sama saboda ruwa da ɓarayi..." Muryarsa ta yanke.

"Tagar Mama cikin lungun take buɗewa! Yanzu akwai wuta?"

"Tun safe babu. Kuma Yaya na da ɗinkin da za ta bayar yau. Ni ga ni a bayan gari, sai na yi awa..."

Ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta kira Yaya sau uku, a na ukun aka kashe wayar. Ta bar kantin a buɗe, ta tare mota a tsakiyar titi.

Tun daga bakin layi take jin rurin janaretan. Ta banka ƙofar gida, Yaya ta taso daga kan keke tana layi kamar mai jin barci, idanu jawur.

"Ke! Wa ya ba ki izinin..."

Amarya ta bi ta gefenta da gudu. Lungun ya yi zafi kamar tanda. Ta lalubi makunnin ta kashe, gidan ya yi tsit, irin shirun da ke tayar da tsigar jiki. Ta faɗa ɗakin Mama. Ƙofa a rufe, labule a sake, tsohuwar na kwance hannu ɗaya ya zubo ƙasa.

"Mama! Mama!"

Ko motsi. Ta kama ta ta ƙarƙashin hammata ta fara ja, kanta ita ma ya fara sarawa.

"Yaya, kama ƙafafun! Hayaƙi ne! Ki zage ni daga baya, yanzu kama!"

Ko tsawar ce, ko ganin hannun uwarta na jan ƙasa ne, Yaya dai ta kama. Suka fito da ita tsakar gida, masu ɗinki suka yi waje suna ihun neman mota.

A asibiti aka sa wa Mama abin shaƙar iska. Likita ya saurari bayanin Amarya, ya sa aka yi wani awo na dabam, ya dawo yana girgiza kai.

"Hayaƙin inji ne. Abin da ke kisa a cikinsa ba shi da wari, ba shi da launi. Da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi. Wa ya sa janareta a rufaffen wuri kusa da tagar mutum?"

Yaya ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. Wata uku an bar jaki ana dukan taiki, ga shi ita da bakinta ta sa aka rufa kwanon.

Sai da la'asar Mama ta buɗe ido. Ta dubi Auta da ya iso wujiga-wujiga, ta dubi Yaya, ta ce a hankali, "Wa ya fitar da ni?"

Yaya ta buɗe baki, kuka ya ƙwace mata. Da ƙyar ta ce, "Wadda muka kora, Mama."

Tsohuwar ta miƙa hannu. Amarya ta matso ta durƙusa, Mama ta riƙe ta gam, hawaye na bin kuncinta.

"'Yata, ranar nan kin dube ni na kawar da kai. Ki yafe mini."

"Na yafe, Mama. Yaya ma na yafe, tsoro ne ya rufe mata ido."

A baranda Auta ya tare ta, ya rasa ta inda zai fara. "Na ba ki kunya. Ni ya kamata in tsaya miki, sai na tsaya kallo. Ki dawo, don Allah."

"Zan dawo," in ji ta, tana share ido. "Amma ka sani, korar ba ta yi mini zafi kamar shirunka ba. Gobe in an sake nuna ni da yatsa, ka yi tambaya kafin ka yi hukunci."

"Na yi alkawari."

Washegari da kansa ya je ya durƙusa gaban mahaifinta ya ba da haƙuri, ya ɗauko ta. Kafin a sallamo Mama, Yaya ta sa an yaye kwanon, an fitar da janaretan can fili nesa da kowace taga.

Jama'a, zato zunubi ne, kuma mai zargi duk abin da ya gani shaida ne a wurinsa. In masifa ta shigo gida tare da baƙo, a bincika da kyau kafin a nuna shi da yatsa, don wani lokacin wanda ake kora shi ne Allah ya aiko da ceto. Amarya ta yi haƙuri, ta kuma yi aiki da hankalinta, Allah ya tsare mata aurenta, ya bar wa Auta uwarsa.