Malamar Gaɗa ta Ruwan Godiya

Da faɗa suka fara, kuma gaskiya Khairiyya ce ta jawo. Sabuwar malamar firamare ce da aka kawo Ruwan Godiya daga Ƙanƙara. Ranar da ta fara koya wa yara mata gaɗa a gindin darbejiya, sai ta hau dukan tsohon wilin mota da ƙarfe don su taru. Ba wanda ya gaya mata cewa a garin nan ba a buga ƙarfe sai 'yan bindiga sun tunkaro. Kafin ka ce kwabo mata sun watse cikin dawa da goyo, sun bar tukwane a kan wuta.

Harisu ɗan sa-kai ne ya iso yana haki, ya tarar da budurwa da ƙarfe a hannu. Ya balbale ta da faɗa. Ita ma ba kanwar lasa ba ce. Ta ba da haƙuri, sannan ta gaya masa cewa tun da tsoro ya kashe dandali, yaran nan ko waƙar gaɗa ɗaya ba su iya ba. Ya juya yana huci, amma yana tafe yana waiwaye.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Malama, na yi maki tsawa gaban yara, ki yafe man. Amma don Allah ki rabu da ƙarfen nan."

Ta amsa: "Na yafe, Sarkin Fushi. Tafin hannu ya ishe mu."

Daga nan ya riƙa kawo mata Nana, ɗiyar yayansa marigayi. Tun ranar da aka kashe mahaifinta a gona tana kallo, yarinyar ba ta magana, ba ta yarda a taɓa ta. Sai ta zauna a gefe tana kallon wasa, shi kuma yana kallon malamar. Kafin a girbe dawa ya fara kiranta Haskena, har an fara zancen aure.

Sai Jabiru mai cajin waya, wanda Khairiyya ta taɓa ƙi, ya ɗauki bidiyon wasan a ɓoye. Munafukin Allah! Ya kai wa Malam Mani, mahaifin Harisu, ya ce rawar banza take koya wa 'ya'yan mutane don ta watsa a intanet. Tsoho ya fusata, ya hana Nana zuwa, ya ce 'yar rawa ba za ta shigo gidansa ba.

Harisu, maimakon ya tsaya mata, sai ya rubuto: "Haskena, ki dakata da gaɗar nan har a ɗaura aure. Daga baya ma san yadda za mu yi."

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta rubuta: "Wato in yaudari Baba, in watsar da yara? Kakarka ta yi gaɗa, tawa ma ta yi, ba wanda ya kira su 'yan banza. In sai na bar su za ka aure ni, ka nemi wata." Ta kashe wayar, ta ci kukanta ta ƙoshi, don tana sonsa.

Wata ranar Asabar Nana ta sulale daga gida. Malam Mani ya biyo sawunta da sanda, Harisu na bayansa yana ba shi baki. Suka tarar da yara sun ja layi suna tafi da waƙa. Haka wasan yake: yarinya ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla ta gaba.

Tsohon ya buɗe baki zai daka tsawa, sai ga Nana a tsakiyar fili. Ta juya baya, ta rufe ido, ta faɗo. Yara suka cafe. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "A sake!"

Khairiyya ta durƙusa gaban tsohon, ta yi magana cikin fushi. "Baba, ga rawar banzar da aka gaya maka."

Malam Mani ya ƙura wa Nana ido. Sandar ma ta kuɓuce masa.

"Tun da muka binne ubanta ban ji muryarta ba," in ji shi. "Ɗiyata, na zalunce ki da zancen yaron nan Jabiru." Ya juya ga Harisu. "Kai kuma mi kake jira? Ba ta haƙuri, mu tafi Ƙanƙara neman aure."

Sai da ta ja masa rai sosai kafin ta haƙura, kuma ya cancanci hakan. Jabiru kuwa ya daina bin hanyar makaranta.

Ranar kai amarya, yaran gaɗa ne suka tare ta a bakin gari da tafi, Nana ce ke ba da waƙa. Malam Mani ya ɗaga hannu yana hawaye ya ce, "Allah Ya cafe ku yadda kuka cafe marainiyata, Ya ba ku zuri'a ta gari." Kowa ya ce amin.