Manemin Salwa Ɗan Ireland Ne

Alhaji Lawal ya san mutanen Ireland ciki da bai, domin ya shafe shekara ashirin da 'yan kai yana nazarinsu. Nazarin duk a kujerar bayan tasinsa ya yi shi, sau ɗaya a shekara, da tsumma da bokitin ruwan sabulu.

Akwai wata rana a watan Maris da rabin garin Greensboro na jihar Carolina ke sa koren kaya, a sha giya har mutum ya manta lambar gidansa, wai bikin Ireland ake yi. Washegari Alhaji ne ke wanke abin da bikin ya bari. Don haka da matarsa Hajiya Bebi ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefen kujera ta ce akwai yaron da ke son zuwa gaisuwa saboda 'yarsu Salwa, kuma daga Ireland yake, sai ya mayar da lomar da ya yanko.

"Bature?"

"Bahaushe. Rilwanu sunansa. Iyayensa 'yan Zariya ne, uban likita ne a can. Yana goye aka tafi da shi."

"To ɗan Ireland ne."

"Ɗan Zariya na ce maka, Alhaji."

"A ina aka yaye shi? Wane fasfo ne a aljihunsa?"

Salwa, wadda ke kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke, ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa. Ko kayan asibiti ba ta cire ba, idanunta sun faɗa saboda aikin tsayuwa.

"Baba, waɗanda kake ɗauka ranar nan fa ba 'yan Ireland ba ne. A nan aka haife su. Rabinsu ko a taswira ba za su iya nuna maka ƙasar ba."

"To idan jikokin da suka manta hanya haka suke," in ji Alhaji, "ina ga 'yan asali?"

Duk da haka ya bar yaron ya zo, don kada a ce bai yi adalci ba. Rilwanu ya zo ranar Lahadi cikin shadda mai karin guga, ya tsugunna har ƙasa, ya yi gaisuwa da wata Hausa mai ɗingishi wadda ke neman sanda a kowace jimla. Da aka koma Turanci abin bai gyaru ba, domin nasa Turancin kamar yana waƙa ne da ruwa a baki. Alhaji ya dai tsinci abin da ya tsinta: yaron ma'aikacin lantarki ne a wata masana'anta da ake ginawa a bayan gari. Kafin nan ya tsinki inabi a Ostireliya, ya wanke kwanuka a Kanada, ya kwana a tashoshin ƙasashen da Alhaji bai san suna da tasha ba. Yana zaune da Turawa uku 'yan garinsu a wani gida kan titin Gate City Boulevard. Aikinsu zai ƙare ƙarshen shekara. Idan yana da dalilin zama, kamfanin zai riƙe shi a nan. Idan babu, zai bi abokansa gaba.

"Kayanka fa?" Alhaji ya tambaya. "Mutumin da ya yi wannan yawo, ina yake ajiye kayansa?"

"Jaka ɗaya ce, Baba. Ta goyo."

Bayan ya tafi Alhaji ya dubi matarsa. "Kin ji ko? Duk abin da ya mallaka yana shiga jaka ɗaya. A wane aljihu zai sa Salwa?"

Sai aka shiga bincike, kamar yadda aka saba. A gida, bincike shi ne a tura dattijo unguwarsu yaro ya sha fura da maƙwabta. A Greensboro, a tambayi direbobin tasi, domin babu wanda ya fi su sanin ƙofar da kowa ke fitowa. Malam Salifou, mutumin Maraɗi mai fara magana da "bon" ɗin Faransanci, shi ya kawo rahoton a harabar masallaci bayan Juma'a.

"Bon, Alhaji, ni ba na son ɓata aure. Amma da idona na gan shi. Ya fito daga gidan giyarsu na tsakiyar gari, Bature ɗaya a kafaɗarsa, takalman wani a hannunsa."

"Yana tangaɗi?"

"Wanda ya ɗauki ƙaton Bature ai dole ya yi tangaɗi."

Sannan ya nuna masa wani bidiyo da ke yawo a waya, na samarin Ireland a wani masaukin 'yan yawon duniya, sun jefo kujera daga bene suna rera waƙa. Babu Rilwanu a ciki. Alhaji ya ce da alama shi ke riƙe da wayar.

A ranar ya yanke maganar: babu aure. Hajiya ta yi roƙo, ta yi fushi, ta koma roƙo. Salwa ta yi kukanta a ɗaki, ta wanke fuska, ta fito.

"Baba, ranar da matar nan ta banki ta ji ka ce Najeriya, ta tashi ta kira manaja, ka dawo gida ko abinci ba ka ci ba."

"Wannan daban."

"Ta yaya ya zama daban?"

"Mu ƙarya aka yi mana."

Ta dube shi har sai da ya ɗauke kai. "Ba zan aure shi ba sai da yardarka," ta ce. "Na faɗa masa haka. Amma kuma ba zan ce maka na daina sonsa ba, don ba ka koya mini ƙarya ba."

Da ta yi rashin kunya, da Alhaji ya samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Kullum da safe ta gaishe shi, ta haɗa masa shayi, ta tuna masa maganin hawan jini, ta tafi aiki. Gidan ya yi tsit kamar ɗakin jiran likita. Zafi ya wuce, ganye ya fara ja, ƙarshen shekara na matsowa. Wata rana ya ji ta a waya tana cewa a hankali, "It's okay. In ka tafi ba zan ga laifinka ba." Ya tsaya a bayan ƙofa da makullin mota a hannu, ya ji gajiyar da ba ta tuƙi ba. Sannan ya tuna shi uba ne, ya fita.

Ana cikin haka Malam Tassiou ya rasu.

Da shi Alhaji ya fara zaman ɗaki ɗaya a East Greensboro lokacin da suka zo, katifa ɗaya, bargo ɗaya, kowa na cewa shekara biyu zai yi ya koma. Tassiou bai taɓa kawo iyalinsa ba. Ya yi ta ɗaga kwalaye a sito yana gina gida a Zinder, gidan da ya sani a hoto kawai. Ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Jana'izar ta faɗo tsakiyar mako. Zauren al'umma na waya ya cika da addu'o'i da hotunan hannaye a ɗage. Kowa ya yi jimami ƙwarai, kuma kowa yana da aiki. Alhaji bai ga laifinsu ba. Ya san yadda ake kallon mutumin da ya ce zai bar aiki don binne wanda ba ɗan'uwansa ba. Waɗanda suka zo sahu ɗaya suka yi, shi ma bai cika ba, yawancinsu tsofaffi masu ciwon baya da gwiwa.

Da suka isa maƙabarta ya tarar da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya a bakin shinge. Rilwanu ya fito daga wurin direba. Turawa uku suka biyo shi, cikin baƙaƙen kwat da ba a ɗinka don su ba. Suka tsaya can nesa, hannaye a haɗe, kai a ƙasa, har aka sa Tassiou a makwancinsa.

An yi ruwa kwanakin, jar ƙasar Carolina ta zama kamar danƙo. Tsofaffi suka zuba abin da suka iya da hannu. Alhaji ya ɗauki shebur, ya ɗebo sau biyu, bayansa ya tuna masa shekarunsa. Ma'aikacin maƙabarta ya tayar da motar tono, ya fara matsowa, yana duba agogo.

Sai babban cikin Turawan, wani mai jar gemu, ya cire kwat ya rataye a shinge, ya ɗaga wa mai motar hannu. Ya zo wurin Alhaji, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Sannu da wannan rashi," ya ce da irin Turancin Rilwanu. "Sunana Donal. In ba za mu saɓa wa addininku ba, a bar mu mu rufe. A garinmu ba a barin inji ya rufe mutum."

Alhaji ya dubi liman. Liman ya dubi tsofaffin da ke haki, ya ce babu laifi.

Daga bayan motarsu suka fito da nasu sheburan. Su huɗu suka jeru, babu mai magana, sai ƙarar ƙarfe da numfashi. Suka cike, suka daddale, Rilwanu ya nuna musu yadda ake ɗan tudun. Da ƙaramin cikinsu ya wuce ta gabansa, hancin Alhaji, wanda ya yi digiri a wannan fanni, ya shaida cewa jiya ba ruwan lemo aka sha ba.

"Kun san marigayin?" ya tambayi Donal.

"A'a."

"To me ya kawo ku?"

"Rilwanu ya ce abokin baban Salwa ne ya rasu." Ya faɗa kamar wanda aka tambaya me ya sa yake sa takalmi. "Ai ba a tambayar ko an san mutum. Ana tambayar ƙarfe nawa ne."

"Aikinku fa?"

"Shugabanmu ɗan garinmu ne. Ya so zuwa, sai dai dole wani ya tsaya."

Da jama'a suka fara watsewa Alhaji ya yafito Rilwanu. Yaron ya zo da laka har gwiwa, ya tsugunna.

"Kana sha?"

"A'a, Baba. Ni ke tuƙa su gida. Tun muna sakandare ni ke tuƙi."

"Ɗan Musulmi, me ya hana ka rabuwa da su?"

Rilwanu ya daɗe yana neman kalmomin, kuma da Hausa ya nace zai faɗa. "Lokacin da Mama ta rasu, Baba, Musulmin garinmu ba su kai a ɗauki makara ba. Iyayen waɗannan ne suka haƙa kabari. Baban Donal ya zo da igiya, ya ce a nuna masa ina ne alƙibla, kada ya yi kuskure." Ya share hanci da bayan hannu. "Na san halinsu. Suna sha, suna ihu, sun taɓa sa an kore mu daga gida biyu. Amma ban san yadda ake barin su ba."

Alhaji ya juya. Ya dubi kabarin. Ya lissafa waɗanda za su zo jana'izarsa idan ta faɗo ranar aiki, ya ga lissafin bai ɗauke shi lokaci ba.

A gida ya cire takalma a waje, ya zauna, ya sha ruwa. Salwa ta zo ta durƙusa ta yi masa gaisuwar rashi.

"Hajiya," ya ce, yana kallon bango, "a ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Hajiya Bebi ta dafe ƙirji. Salwa ta kifa kai a gwiwarsa ta saki kukan da ta yi watanni tana haɗiyewa, shi kuma ya ɗora hannu a kanta yana cewa ya isa, ya isa, hawan jininsa.

Washegari Malam Salifou ya kira da sabon rahoto. Bayan jana'izar Turawan sun wuce gidan giyarsu, sun sha don girmama Malam Tassiou, mutumin da bai taɓa kai kwalba bakinsa ba. Sun rera masa waƙoƙi, ƙaramin har ya yi kuka.

"Rilwanu fa?"

"Bon, yana waje cikin mota, yana jiransu."

"To," in ji Alhaji, ya kashe wayar.

An ɗaura aure kafin sanyi ya yi tsanani. Mahaifin ango ya zo daga Ireland, baffansa ya yi jawabi ta waya daga Zariya har sai da katinsa ya ƙare. Abokan ango suka sa manyan riguna, suka sha zoɓo da fuskar masu azumi, suka kwashe kujeru bayan taro. A wurin mata Hajiya Bebi ta faɗi darasin da bakinta, ga 'yan matan da ke danna waya: yarinyar da ta yi haƙuri ta riƙe mutuncin iyayenta, Allah ba ya barin ta da hawaye, kuma kada a auna mutum da sunan ƙasarsa, domin mu ma an auna mu da namu, mun ji yadda yake. Gaskiya ta faɗa, ko da yake ba wadda ta ɗago kai.

Shi Alhaji Lawal bai ce ya yi kuskure ba, kuma ba wanda ya matsa masa. Har yau in hira ta biyo ta kan mutanen Ireland a harabar masallaci, yakan gyara zama ya ce mashaya ne marasa kan gado, dukansu, in ban da guda huɗu da ya sani.

Su huɗun ne kaɗai ya taɓa haɗuwa da su.