Ɗiyar Magaji da Ɗiyar Baron

A wani shagon buga takardu da ke Ƙauran Namoda suka haɗu. Zulaihat ta kawo aikinta na kammala digiri, kan wata sarautar gado ta Ingila, sarautar Baron, wadda ta yi ta sauka daga uba zuwa ɗa har hawa takwas. Ammar mai shagon, da shegen son jin ƙwaƙwaf, ya ajiye bugu ya hau karatu.

"Malama, na ƙarshen da bai haifi namiji ba fa?"

"Sarautar ta mutu da shi," ta ce, idonta ya kawo ruwa.

Daga baya ya san dalili. Mahaifinta, Alhaji Jelani, shi ne Magajin wani ƙauye kusa da Zurmi. Ɗansa namiji tilo, Haliru, 'yan bindiga suka kashe a hanyar Shinkafi.

Kafin a gama babi na uku, zukata sun haɗu.

"Sanyin idona, kuskure goma na yi yau saboda tunaninki," ya rubuta mata.

"Gyara su, gwanina, sannan ka ci gaba da tunanin."

Amma da maganar aure ta taso, Alhaji ya ƙi. Mustapha, ɗan ƙanensa, shi zai gaji rawanin, shi yake so ta aura don jikokinsa su ɗaura. Ammar kuwa ɗan garin Galadi ne, bare.

Tana kuka ta tura saƙo: "Ka yafe mini. Baba ya rasa Haliru, ba zan ƙara masa wani rashin ba." Wata huɗu ba wanda ya kira wani, dukansu suka rame.

Da ciwo ya kwantar da Alhaji, ya ce ta karanta masa aikin nata. Ta fassara masa har ƙarshe, inda Baron na ƙarshe ya mutu ya bar ɗiya.

"Ɗiyar wanga Bature, mi yas same ta?"

"Na nema, Baba. Littattafan sun ce ya bar mace ɗaya. Ko sunanta ba su rubuta ba."

Ya daɗe yana kallonta, hawaye na bin gemunsa.

"Haka ni ma nike shirin yi miki. Kira yaron ga, Ammar."

A kan kujera aka fito da shi ranar ɗaurin aure, da ƙyar muryarsa ke fita. Da yamma ya riƙe hannunta.

"Rawani na Mustapha ne, Allah ya taya shi riƙo. Ke ko, Zulaihat, ke ce kika saura mini. Allah ya yi muku albarka."

Ta durƙusa tana kuka, Ammar a gefenta yana amsa amin.