Kukan Baron Auta

Wani dare, yana cikin rufe shago, mai gyaran keke ya ji wani irin kuka a bayan layi. Ba na jariri ba ne, ba na tsuntsu ba, amma ya ɗebo kamannin kowanne. Da ya leƙa, ashe ƙafar baro ce. Mai tura shi kuwa Auta ce, 'yar dattijon ikilisiyarsu, ta ɗoro jarkokin ruwa biyu da kwano a rufe.

Ya tambaye ta ina zuwa, ta ce gidan Iya, tsohuwar ƙarshen layi wadda ba ta da kowa. Ba ma 'yar majami'arsu ba ce. Da duhu take kai mata, don kada a gani a dame ta da yabo.

Tun daga ranar ya zama ɗan rakiya. Ya sa mata suna Tsuntsuwata, tana hararar sa tana murmushi.

Sai dai kukan nan yana sosa masa rai, don mai gyara ba ya ganin ƙarfe na wahala ya ƙyale. Ran nan ya faki idonta ya ɗura wa ƙafar mai, baro ya koma shiru kamar kyanwa. Da suka isa gidan Iya, suka yi sallama, suka buga ƙofa har hannu ya gaji, ba a buɗe ba. Ashe kunnen tsohuwar ya yi nauyi, ba abin da ke ratsa shi sai wannan kukan mai kaifi, kuma shi kaɗai take zare wa sakata. Iya ta kwana da yunwa.

Auta ta tafi ba ko sai da safe. Can sai ga saƙo: "Ka gyara baro, ka ɓata mini zumunci. Sannu da aiki, Injiniya."

Ya mayar mata: "Tsuntsuwata, na yi wauta. Gobe zai yi kuka, ko ni na yi a madadinsa."

Washegari ya wuni yana wanke ƙafar da sabulu, yana shanyawa, yana barbaɗa yashi. Maƙwabcinsa tela ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai gyara yana gumi a kan ɓata abu ba. Da yamma kuka ya dawo.

Amma wata matsala ta riga ta kunno kai. Mai kiɗan majami'a, wanda ya daɗe yana son Auta, ya kai wa mahaifinta labarin ana ganinta da mai keke cikin duhu. Baba ya hana ta fita, ya ce 'yarsa ba za ta ƙare a shagon faci ba.

Mai keke bai yi musu da kowa ba. Ya ari baron, ya ci gaba da kai ruwa shi kaɗai. Ya liƙe wa Iya rufin da ke yoyo, ya jawo samarin majami'a suka tayar mata da katanga. Har mai kiɗan, da kunya ta ishe shi, ya zo ya ɗauki bulo.

Wata Lahadi Iya ta tambayi mai keke ina yarinyarta. Da ya kwarara mata bayani a kunne, sai ta ɗaura ɗankwali ta haye baron, ta ce ya tura. Haka suka ratsa layi, baro na kuka, mutane na leƙe, har ƙofar Baba.

"Ni ba na jin wa'azinku," in ji ta. "Baron nan nake ji. In ka raba yaran nan, wa ka bar mini?"

Sai Baba ya dubi mai keke ya ce, "Ɗana, ka turo manyanka."

Ranar aure fasto ya sa musu albarka, ya roƙi Ubangiji ya sa gidansu ya zama inuwar marasa kowa. Iya na layin gaba, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta fi kowa cewa amin.

Da yammacin washegari ango da amarya suka fito, hannu huɗu a kan baro ɗaya. Wata sabuwar maƙwabciya ta toshe kunne ta leƙo ta taga.

"Wai duk layin nan ba mai ɗan man da zai sa wa abin nan ne?"